Yadda Na Zama Dutsen Hanya

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ajiye yunwa a ciki, ya sa hanci a gaba don ya ja mai shi. Ku matso, masu wucewa, ku sauke kaya, ku ba ƙafa haƙƙinta. Ni ne Jatau ɗan Dudu, mutumin Kandarma ta bayan Tekun Gishiri, inda wata biyu ke fitowa, ɗaya fari ɗaya ja. Na yi yawo a duniya har takalma suka gaji da ni. Na kwana a ramin kura, na ƙetare daji da ƙishirwa, amma tafiyar da ta fi kowacce kaɗa hantar cikina ita ce wadda zan ba ku labari, domin a cikinta ban taɓa farkawa ba sai da tambaya ɗaya a bakina: ko Inna ta ci abinci yau?

A Kandarma akwai hanyar da ake kira Layin Tanda. Lokacin ƙuruciyata lungu ne matsattse, karkatacce, wanda jaki mai mangala ba ya ratsawa sai an bi shi da addu'a. Rumfar mai waina tana jingine da ta mai ƙosai, hayaƙin tukubar mai tsire yana shiga idon mai fura. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa, kowane dakali da tsofaffinsa masu gulma. A tsakiya ga rijiya, ga ɗorawa ta yi mata inuwa. Mutum zai shigo da niyyar wucewa kawai, sai ya fita da maiƙo a baki, bai san yadda aka yi ba.

Ba a kunna wuta da ƙyastu a layin nan. Wuta ɗaya ce tun kakanni, tana cikin wani babban kasko a zauren gidanmu, kuma mahaifiyata Dudu ita ce Uwar Wuta. Kowace safiya masu sayar da abinci sukan zo su ɗebi garwashi, su kuma aiko mata da ta-fari, wato abin da ya fara fitowa daga tanda ko kasko kafin a sayar wa kowa. Ranar da ta karɓi kaskon ta yi rantsuwar da iyayenta mata suka yi: ba za ta ci komai ba sai ta-fari. Rantsuwa ce mai sauƙi a wancan zamani, don abin da ake aikowa yakan ƙosar da mu, ya ƙosar da maƙwabta, har kaji su samu.

Ina can wata tafiya gobara ta tashi a layin. Lungun ya matse har masu kawo ruwa suka kasa shiga, mutane suka mutu, cikinsu har da ƙanen Sarkin Magina. Ba na zaginsa, mutum ne da ya binne ɗan'uwansa. Ya sake gina layin miƙaƙƙe, mai faɗin da rundunar raƙuma za ta bi ba gogayya. Ya sare ɗorawa, ya cike rijiya ya haƙa wata a bayan gari, ya rushe dakalai, ya ja katanga doguwa hagu da dama, ya shigar da masu abinci cikin ɗakuna masu ƙananan ƙofofi. Sannan aka yi shela: wanda ya ƙara ajiye tubali ko ya kafa dirka a tsakar hanyar nan, za a kore shi daga birni.

Da na dawo, na tsaya a bakin layin na kasa gane shi. Rana ta ƙwalle a kansa, iska tana kwashe ƙamshi tun bai kai hanci ba. Masu wucewa sun sunkuyar da kai suna sauri, kowa na neman ya kai ƙarshe ya samu inuwa. Ƙofofin masu abinci duk a rufe, sai ɗaya.

Na iske Inna a zaure gaban kaskonta. Awarwaron da ke matse mata hannu dā, yanzu yana yawo har gwiwar hannu.

"Inna, wa ya rage yana aiko da ta-fari?"

"Marka mai ƙosai," in ji ta. "Kai, zauna."

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Kalmomin nan biyu kuwa na ji su tun ina rarrafe, ban taɓa bin su ba. Na ce zan ɗebi garwashi in dafa mata da kaina. Ta ce ta-fari ta mai sayarwa ce, ba ta ɗan gida ba. Na ce ta karya rantsuwa, Allah yana ganin uzuri. Ta dube ni kallo ɗaya, na bar maganar.

Na je wurin Marka. Tsohuwa ce mai tausayi, takan ɗebi ƙullun fari da ludayi maimakon cokali don ƙosan Inna ya fito ƙato, kuma shi ne ya riƙe ran mahaifiyata.

"Ɗan nan, ba zan ɓoye maka ba," in ji ta. "Kullum ƙullu yana komawa gida ya yi tsami. Ɗana ya ce in an gama yankan gero zai zo da jaki ya tafi da ni ƙauye. Na ja shi iya ja."

A lokacin ruwan fari ya sauka, ana shuka. Na lissafa abin da ya rage tsakanina da kaka. Na ɗauki gora da sanda na fita neman abin da ke kawo mutane hanya.

Na fara da zaton daɗin abinci ne. Saboda haka na nufi Birnin Hasumiya, inda aka ce masu girkin duniya suka ƙare. Na ƙetare Kogin Toka a bayan wani guza mai girman kwalekwale, wanda ba ya tafiya sai ana sosa masa ƙeya, in ka daina ya nutse da kai. Na isa da farce a karye. A birnin nan kowane mai girki yana saman hasumiya don kada ƙura ta taɓa tukunyarsa. Kwando yake sakowa da igiya, ka sa wuri, ya ja, ya sako maka akushi. Na ci wani dambu da ya sa ni ƙwalla. Na waiga in gaya wa wani, babu kowa, sai bango da inuwata. Mutanen garin bayi suke aikowa su karɓa su kai gida.

Na shige kwandon don in hau in tambayi mai dambun sirrinsa. Ya ja ni sama yana nishi, ya ga mutum, ya zauna daɓas. Ya ce shekara da shekaru bai ga fuskar mai cin abincinsa ba. Ya zuba mini, ya zura mini ido ina taunawa, ya ƙara, ya ƙara, sannan ya naɗe igiya ya zauna a kanta ya ce na zama nasa. Kwanaki suka shuɗe ina ƙiba, ina hango gero a gonaki yana kai gwiwa, kowace loma tana tuna mini da awarwaron Inna. Rannan na ture akushi na ce yunwata ta ƙare, kuma yunwa a ƙasa take zama, sai na sauka na ɗebo sabuwa. Mutumin ya daɗe da rabuwa da ƙasa har ya yarda. Ƙafata na taɓa turɓaya na ranta a na kare. Na bar mafi daɗin abinci a duniya a kan hanyar da ko kare ba ya bi.

Wasu fatake suka nuna mini hanyar Tsagi, birnin da aka gina cikin tsagewar dutse, gidaje a manne da bango kamar sheƙar zanzaro. Tun daga nesa na ji gunjinsa. Hanyar abincinsu ta fi lungunmu na dā cika. Kafaɗa na gogar kafaɗa, man gyaɗa na ƙara a kasko, ana ciniki ana dariya ana faɗa. Na ɗanɗana wainarsu, wallahi ko rabin ta Kandarma ba ta kai ba. Nan na yanke cewa asiri ne aka binne, don ban ga abin da zai tara jama'a haka a kan waina mai gari-gari ba.

Na jira ranar da aka tsuge da ruwa kowa ya fake, na ɗauki fartanya na hau haƙa a mashigin hanyar. Ban sami laya ba, ban sami ƙaho ba. Abin da na samu shi ne magudanar ruwan garin, na fasa ta, ruwa ya kwashe tukwanen rabin layi. Dogarai suka kama ni da fartanya a hannu.

Ban kai gaban alƙali ba wata mata mai jiki ta sha gabanmu, ta riƙe ƙugu. Sunanta Tabawa, ita ce shugabar masu abinci na Fage, wani wuri a tsakiyar hanyar inda dutsen ya buɗe ya yi faɗi.

"Wannan namu ne," in ji ta. "Tun da na bara ya mutu muke jira."

Na ji "ya mutu", na ɗauka kashe ni za a yi. Suka kai ni tsakiyar Fage, suka sa mini mari a ƙafa, suka ɗaure sarƙar a turke. Na tambayi Tabawa irin kisan da za a yi mini.

"Wa zai kashe ka, baƙo? Mu da za mu ciyar da kai? Kai ne dutsen hanya. Dā akwai tsamiya a nan, aradu ta faɗa mata. Tun daga ranar duk wanda ya fito daga matsi ya ga fili sai ya saki ƙafa, ba ya tsayawa sai ya sake shiga matsi. Na sama suna sayarwa, na ƙasa suna sayarwa, mu muna korar ƙuda. Shi ya sa alƙali yake ba mu mai laifi. Zauna kawai."

"Har yaushe, Baba?"

"Har tsamiyar da muka dasa ta yi inuwa."

Na duba inda ta nuna. Tsamiyar ba ta kai tsawon sandata ba.

Na zauna, don babu yadda zan yi. A zaman nan na ga abin da ido mai yawo ba ya gani. Mai sauri zai taho, ya ganni, ya rage tafiya don ya kewaye. Na bayansa ya yi karo da shi. Su tsaya ba da haƙuri, su gane ashe surukai ne, gaisuwa ta yi tsawo. Wani ya tsaya kallon mai mari, wani ya tsaya kallon mai kallo. Ana haka hayaƙin Tabawa ya iso, hannu ya tafi aljihu da kansa. Babu laya, babu ƙaho, ni ne asirin, kuma shi ya sa ba za su taɓa sakina ba.

Tsoro na gaske ya kama ni a lokacin. Daga inda nake ina hango wata 'yar gona a kan dutse. Na ga geronta ya yi ciki, na ga ya fid da kai. Tabawa tana cika mini akushi safe da yamma, ni kuwa ina ramewa. Na roƙe ta, na ba ta labarin Inna, har ta share hawaye da gefen zane, sannan ta ce ita ma tana da bakunan da take ciyarwa. Na gwada marin da dutse, dutsen ne ya fashe.

Wani tsoho mai suna Cindo yakan zo kullum ya tsaya kusa da ni yana dogara sanda, yana haki, don a duk faɗin Fage babu inda mutum zai ɗora ɗuwawu. Ina kallonsa sai dakalan lungunmu suka faɗo mini a rai. Na roƙi mata su riƙa zubar da ruwan wanke-wanke kusa da ni, na ce sanyi nake nema. Na roƙi tokar murhu da ɓawon gyaɗa. Na kwaɓa su da jar ƙasar wurin, na riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan kewaye da turken, rana tana busarwa. Aka yi ta dariya, wai baƙo ya zautu yana gina kabarinsa. Da ya kai gwiwa na yaɓe shi sumul, na haƙa gurabun dara a kai, na jera tsakuwa da karare. Na karɓo tsohuwar tabarma a wurin Tabawa na kafa ta a kan sandata ta yi inuwa.

Baba Cindo ne ya fara zama. Kashegari ya zo da abokin dararsa. Kafin mako ya zagayo dakalin ya cika da tsofaffi, masu kallon dara sun yi musu zobe, mai aski ya kawo kayansa gefe, kaskon Tabawa ba ya hucewa. Saura in sa su gaji da ni. Na zaɓi wurin da ya fi inuwa na miƙe ƙafa. Duk wanda ya ɗaga hannu zai kasa tsakuwa, sai in ja tsaki in ce ba nan ba. In Baba Cindo ya shirya tarko, sai in faɗa wa abokin wasansa da ƙarfi. In an zo ci, sai in motsa ƙafa, sarƙa ta share gurabun.

Ranar da na watsa masa wasan da ya kusa cinyewa, tsohon ya miƙe ya kira Tabawa.

"Ko ki cire mana wannan annoba, ko mu kwashe dararmu mu koma sama."

Tabawa ta dubi taron, ta dubi kaskonta, ta dube ni. Mace ce mai lissafi. Da rana tsaka, a gaban kowa, dogari ya kwance marin, tsofaffi suka raka ni da zagi har mashigi. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

Na yi gudu, na yi tafiya, na yi rarrafe. Na sosa ƙeyar guza har yatsuna suka yi jini. Ko'ina na bi an yanke gero, sai karare a tsaye, kuma kowace gona na wuce sai in ƙara sauri. Na shiga Kandarma da hantsi. A ƙofar Marka na ga jaki, an ɗaure kasko a bayansa, ɗanta yana jan igiya.

"Gwaggo, jiya kin soya?"

"Tun shekaranjiya wake ya ƙare, ɗan nan. Ragowar ƙullu ne kawai a ƙwarya, shi ma na hanya ne." Ta kawar da kai. "Na shiga na yi mata sallama. Ba ta iya tashi ba."

Na roƙi ɗanta ya ba ni zuwa azahar. Ya ce rana tana yi, amma bai ja jakin ba.

Inna tana kwance gefen kaskonta, idonta ya zurma, wutar ta koma 'yan garwashi a cikin toka. Na tsaya a kanta hannu wofi. Ba ni da lokacin gina dakali, kuma ko ina da shi doka ta hana tubali, ta hana dirka. Sai na tuna shelar ba ta ambaci mutum ba.

Na goya ta. Ba ta fi nauyin ɗan akuya ba, wannan ya sa na yi kuka ina tafiya. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar hanyar nan mai faɗi, na jingina ta da ƙirjina, na cire rawanina na riƙe mata shi a sama da hannu biyu. Marka ta ɗauko kaskon wutar ta ajiye a gabanmu. Uwar Wuta ba ta taɓa fita daga zaure ba tun da ta yi rantsuwa.

Na farko ya wuce bai ɗaga kai ba. Na biyu ma haka. Numfashin Inna yana ƙasa-ƙasa, na ce a raina na fito da ita ta mutu a rana a gaban mutane. Sai wani mai itace ya zo kewaye mu, ya dubi fuskar, ya sauke kaya ya durƙusa.

"Uwar Wuta? Ke ce a waje? Ina gajiya, ina ƙarfin jiki?"

Wata mata da ke bayansa ta tsaya, ta kwance mayafi ta kama gefe ɗaya na inuwar. Ba a gaida Uwar Wuta a tsaye, ba a kuma gaishe ta a gurguje. Masu jiran layin gaisuwa suka tsuguna, suka fara gaisawa da juna. Wani ya jefa itace a kaskon. Dogari ya zo da sanda, ya nemi tubali bai gani ba, ya nemi dirka bai gani ba, shi ma ya durƙusa. Can cikin taron wani ya ce tun safe bai karya ba, ko akwai abin taɓawa a nan kusa?

Marka ta dubi ɗanta. Shi da kansa ya kwance kaskon daga bayan jaki. Ta ɗebi garwashi a gaban kowa, ta ɗora mai, ta nutsa ludayi a ƙullun hanya. Jikin mutane ya tare iska, ƙamshin ya tsaya a wurin karon farko tun bayan gobara.

Ta kawo ta-fari a ganye. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta ɓare shi, ta kai baki, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Na miƙe don in nemo ruwa, in nemo wake, in nemo ban san me ba, ƙafata dai tana neman hanya. Ta kama bakin rigata.

"Kai, zauna."

Na zauna.

Ba za a fito da tsohuwa rana kullum ba, kuma ba za a bar tsakar hanya wofi ba. Kashegari ni na fito da tabarma. Ba ni da mari, ba ni da dara, sai bakina da abin da na gani a duniya. Masu waina suka dawo, mai tsire ya dawo. Sarkin Magina ya zo da kansa wata rana ya tsaya a bayan taro, da damina ta zagayo ya aiko aka dasa ɗorawar nan da ke bayana, nesa da wuta, inda masu ruwa za su wuce ta ko'ina. Inna ta ƙara shekaru masu kyau, ta tafi da ƙiba a kumatu. Ƙanwata ce ke riƙe da kaskon yanzu, da rantsuwarsa.

Har yau in fatake suka wuce ina jin tafin ƙafata yana ƙaiƙayi. An ce bayan Tsagi akwai teku mai daɗin ruwa, ban gan shi ba, ba kuma zan gan shi ba. Ku dubi ɗorawar, inuwarta ba ta rufe mutum biyu ba tukuna.

Ku kuwa da kuka ce wucewa kawai za ku yi, ga shi rana ta karkata kuna nan. Wancan ƙamshin da kuke ta waiwaya, jikar Marka ce ta sa mai a wuta. Ku je, ni ina nan.